Amfanin Hoto Wajen Horon Malamai A Zamfara

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau cikin shekara ta 2013, 'ya'yan Zamfara sun sami ilmi mai zurfi a ƙofar gida. Cikin darussan da ke wajibi ga mai shirin zama malami akwai ilmin halayyar ɗan Adam, watau sanin yadda yaro ke girma, da yadda yake koyo, da abin da ke firgita shi. Amma sau da yawa haddace shi kaɗai ake yi, daga littattafai masu hotunan yaran Turai.

To, akwai wata dabara. Cikin 1992 waɗansu masana biyu, Caroline Wang da Mary Ann Burris, suka raba kyamarori ga matan ƙauyukan Yunnan ta ƙasar Sin, kowace ta ɗauko hoton zamanta, sa'an nan a taru a tattauna. Yau da wuya a ga ɗalibin da ba shi da waya mai ɗaukar hoto. In ɗan Tsafe ya kawo hoton farantin talla a bakin kasuwa lokacin da ake cikin aji, ɗan Bungudu kuwa ya kawo na yara suna langa a gindin dutsen Kwatarkwashi, malami ya sami abin da zai ɗora darasi a kai. Gani ya kori ji.

Amma fa akwai abu biyu da za a kiyaye. Na farko, karatun hoto shi ma koyonsa ake yi. Cikin 1960 William Hudson ya gwada mutane a Afirka ta Kudu, ya ga waɗanda ba su yi makaranta ba ba su fahimtar nisa da kusa a zane kamar 'yan makaranta. Saboda haka kada malami ya ɗauka abin da ya gani shi kowa ya gani, ya tambaya.

Na biyu ya fi nauyi. Ba a manta da sace 'yan matan Jangebe cikin 2021 ba, ko ɗaliban jami'ar nan da aka kwashe a Sabon Gida cikin 2023. Hoton fuska ko na ƙofar gida yana iya faɗawa hannun mugu. Kada a ɗauki yaro sai da yardar iyayensa da sanin mai unguwa, kuma hoton ya tsaya cikin aji.

Yaran da suka kwana cikin tsoro suna bukatar malamin da zai gane su da ido tun ba su buɗe baki ba. Horon idon nan kuwa a jami'a ya kamata ya fara. Allah ya sa a dace.