WAI SHIN KWATAR LUNGU TA WANE CE?

Duk shekara idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, labari ɗaya ne a lungunan Madabo da sauran unguwannin cikin birnin Kano. Kwata ta toshe da leda da yashi, ruwa ya rasa hanyar gangarawa Jakara, sai ya koma gindin katangun ƙasa yana ci a hankali. Kowa ya fito ƙofar gida yana cewa laifin hukuma ne. Alhali kuwa ba hukuma ce ta zuba sharar ba.

A birnin New York na Amurka, inda ƙanƙara ke rufe hanya lokacin hunturu, doka ta ɗora wa mai gida share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gidansa cikin awa 4 da tsayawar ƙanƙarar, ban da cikin dare. Wanda ya ƙi, a ci shi tara. A wasu unguwannin ƙasar kuma masu gidaje kan kafa ƙungiya, kowa ya riƙa biyan kuɗi ana ɗaukar masu yin aikin.

To amma fa akwai bambanci. Ƙanƙara inda ta zuba nan take zama, shi kuwa ruwa tafiya yake yi. Idan gida tara suka yashe kwatarsu, na goma ya ƙi, aikin taran ya tashi a banza. Kuma wanda zai kwana yana kwashe ruwa daga ɗaki shi ne na can gangare, sau da yawa tsoho ko gwauruwa mai marayu, wanda ba ya da halin tayar da katanga idan ta faɗi. Ashe ke nan kwata amanar lungu ce baki ɗaya.

An gwada tilas. A 1985 gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta a nan Kano, aka saba da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Amma yini ɗaya a wata ba ya isa, ballantana idan an kwaso taɓon an jibge shi a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi ciki.

Madabo unguwar malamai ce tun zuwan Wangarawa. Abin kunya ne a ce inda ake karantar da haƙƙin maƙwabci da falalar gusar da cuta daga hanya, nan ne maƙwabci ke tura wa maƙwabci ruwa.

Lalle nauyin yana wuyan matasa. Kowane lungu ya kafa kwamiti da sanin mai unguwa da limami. A sa ranar gayya kafin ruwan farko, a fara daga gangare a hauro sama. Mai ƙarfi ya kawo shebur, mai hali ya biya kuɗin baro, a yafe wa tsofaffi da marayu. Kada a tashi sai an kai taɓon juji.

Allah Ya sa a ji, a kuma aikata.