WAYARKA TA SAN INDA KA KWANA

Jama'a, kowane mai wayar hannu ya sani yana tafe da ɗan rahoto a aljihunsa. Ko bai kira kowa ba, wayar tana gaisawa da turken sadarwa mafi kusa da shi, kamfani kuwa yana lissafe. Ta haka ake gane unguwar da mutum ya kwana, da kasuwar da ya ci, da taron da ya halarta.

Cikin watan Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta ce tilas kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN. Talakawa suka sha rana da turmutsitsi a wuraren rajista, sa'an nan cikin Afrilu 2022 aka hana miliyoyin layuka kira. Hujjar da aka ba mu ita ce tsaro.

Mu ba mu musa amfanin abin ba. Uban da aka sace wa ɗa, labudda zai so a bi sawun wayar ɓarayin har maɓoyarsu. Amma fa cikin Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, har yau kuwa da waya ɓarayin mutane ke cinikin fansa. To, ina tsaron da muka sayar da sirrinmu dominsa?

Abin tsoron shi ne, na'urar da ke nuna dajin ɓarawo ita ce ke nuna ɗakin ɗan jarida da zauren taron 'yan hamayya. Ba a ba kura ajiyar nama.

Sashe na 37 na Tsarin Mulki ya tsare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Muna neman a aikata su ta hanya uku. Na ɗaya, kada kamfani ya faɗi inda mutum yake sai da takardar alƙali. In rai na cikin hatsari a yi gaggawa, amma a kai wa alƙali bayani daga baya. Na biyu, a yanka wa'adin ajiye wannan labari, in ya cika a shafe. Na uku, kowace shekara a gaya wa Majalisa mutum nawa aka bi sawunsu, nawa aka ceto.

Masu mulki su tuna kujera aro ce. Tarkon da suka ɗana yau, gobe yana hannun wani. Allah ya sa su ji.