Maganin Wanke Inji: Gyara Ne Ko Ɓarna?

Duk wanda ya san Belel, garinmu da ke bakin iyakar Kamaru a ƙaramar hukumar Maiha, ya san babur shi ne jakin wannan zamani. Da shi ake kai masara kasuwa, da shi ake kai mara lafiya Mubi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kula da abin hawa ya ƙara tsada, har wasu suka koma jinkirta juye. Idan inji ya fara nauyi sai su sayi 'yar kwalbar maganin wanke inji, ko su ɗura masa kananzir. A nawa ra'ayin, wannan araha ce da ba ta ado.

Da farko, ya kamata mai karatu ya sani cewa baƙin mai nagari ya zo da sinadaran wanki a cikinsa. Su ne ke kwaso daudar da ƙonewar fetur ta haifar, su riƙe ta har ranar juye. Shi ya sa mai ke yin baƙi, alamar ya yi aikinsa ke nan. Wanda ke juye a kan lokaci da wuya injinsa ya buƙaci ƙari.

Ban ce maganin ba shi da amfani ba. Mota ta hannu, wadda ba a san yadda aka riƙe ta ba, tana iya amfana da shi, amma da ƙa'ida. A bar inji ya yi ɗumi, a zuba maganin cikin tsohon mai, a bar shi yana aiki a tsaye kamar minti 10 zuwa 15, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Kada a hau hanya, domin maganin yana tsinka mai, kuma tsinkakken mai ba ya kare ƙarafa idan an ɗora wa inji nauyi. Daga nan a zubar da man duka, a canja filta, a zuba sabo. Haka kuma maganin da ake zubawa a tankin fetur daban yake da na baƙin mai. Rubutun kwalaben da Ingilishi ne ko Faransanci, don haka wanda bai iya ba ya nemi a karanta masa.

Tsohon injin da dauda ta daskare a cikinsa kuwa, wankin na iya ɓamɓaro gutsattsari su toshe rariyar famfon mai. Mai ya daina zagayawa, inji ya buga. Garin neman gira an rasa ido. Irin wannan sai bakanike ya buɗe ya wanke da hannu.

Na babur ya fi haɗari. A babura irin su Bajaj Boxer, inji da giya da kuloci mai ɗaya suke sha. Sinadarin da aka yi domin ƙara santsi a injin mota yana sa kuloci ya riƙa zamewa. Wannan ne ya sa a 1998 Japan ta fito da ma'auni na musamman domin man babur, mai alamar JASO MA. Ita ya kamata mai babur ya duba kafin ya biya.

Wani zai ce, ai da kananzir iyayen gidanmu suka yi ta wanke inji, bai mutu ba. Amsata ita ce, ɓarnar ba rana ɗaya take bayyana ba. Sai bayan watanni a ga hayaƙi da shan mai, a ɗora laifin a kan hanya.

Daga ƙarshe, ina kira ga masu abin hawa da su sayi mai a rufe, mai tambarin hukumar SON, su guji na awo a gorar ruwa. Su riƙa share filtar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Kuɗin juye biyu bai kai na saukar da inji sau ɗaya ba.