Zauren Uwargida: Ranar da Hajiya ta ce ita ma za ta sha iska

A wannan watan kaina zan fara kai ƙara a gabanku, domin laifin da zan yi magana a kai ni ce na fara aikata shi.

A watan Nuwamba na 2024, bayan an gama damina sanyi ya fara saukowa, surukina Alhaji ya tara mu a gidansu da ke Koki bayan sallar la'asar, ya ce shi da Hajiya za su shiga mota su tafi Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Muka tambaya ko rasuwa aka yi, ya ce a'a. Biki ne? Ya ce a'a. "Shan iska za mu je, mu gaisa da dangin mahaifiyar Hajiya. Kuma ba gidan kowa za mu ɗora wa nauyi ba, na sa an kama mana ɗaki na kwana uku a wani ɗan otal a bayan gari, ta wajen hanyar Miriya."

Wuri ya yi tsit. Babbar 'yarsa ce ta fara magana: "Haba Baba, otal kuma? Da girmanku? Me mutane za su ce?" Maigidana ya kawo zancen hanya. Ni kuwa na rage murya na ce, "Hajiya, gwiwarki fa?" Ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya, gwiwata kike ji ko 'ya'yanki?" Wallahi 'yan uwa kamar ƙasa ta tsage in shige, domin ta harbo jirgina. Ni malamar makaranta ce, kullum da safe a wajenta nake ajiye ƙananan yarana biyu, kuma abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne wa zai riƙe mini su. Sai ta ƙara da cewa, "Shekara 44 ina gidan nan, ban taɓa kwana inda ba ni zan ɗora tukunya ba, in ba a Makka ba."

Wannan magana ta hana ni barci. Mu duba gidajenmu da idon basira. Mace ta haifi nata ta raina, ta aurar, maimakon ta huta sai mu mayar da ita mai reno. Ɗiya ta zo wankan jego, suruka ta kawo yaye, mai aiki ta ajiye nata ta tafi ofis. Ba ta fita sai ta'aziyya, ko suna, ko asibiti. In ta ce ta gaji, mu ce ai jika abin so ne. Gaskiya ne, amma son da take yi musu bai mayar da renonsu wajibi a kanta ba, alheri ne take yi mana. Shi kuma tsohon da suka yi ƙuruciya tare, sai a shekara ba su zauna su biyu sun yi hirar minti talatin ba tare da wani yaro ya ɓaro kuka a tsakaninsu ba.

Abin mamaki kuma, a Koki muke wannan gardama, unguwar da aka sani da fatauci. Daga wannan yanki na birni ne ayari ke tashi zuwa Gwanja sayen goro, madugu a gaba, jakuna a baya, a yi watanni a hanya. Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa, kuma mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce da ta yi zama a Ankara ta ƙasar Gana. To waɗancan fatake a ina suke kwana? A zango, a gidan fatoma, wanda sana'arsa ke nan saukar da baƙi. Har yau a Damagaram akwai babbar unguwa mai suna Zango. Ashe kama masauki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya ɓata sunan otal a idonmu shi ne irin waɗanda ake shan giya da masha'a a cikinsu, kuma maganin wannan shi ne a zaɓi wurin kirki, ba a kulle tsofaffi a gida ba.

Da muka ga Alhaji ba zai janye ba, sai muka koma shiri, kuma abin da muka koya shi zan ba ku, ko Allah zai sa wata ta amfana.

Na farko, hanya. Daga Kano a bi ta Kazaure zuwa Daura, a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a shiga Ɗan Barto, a wuce Matamaye har Damagaram, kimanin kilomita 240 ne, wato bai ɗara tafiyar Kaduna da wani abin kirki ba. Sai dai iyaka ba kullum take a buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Don haka kafin a ɗaura niyya, maigida ya je tasha ya tambayi direbobin da ke bin hanyar a satin nan halin da iyaka da tsaro ke ciki. A tashi bayan gari ya waye, a isa kafin la'asar, kada a yarda a yi tafiyar dare.

Na biyu, takardu da guziri. A haɗa fasfo, da katin rigakafin shawara, da lasin direba, da takardun mota da inshorarta, a yi hotonsu a bar kwafi a gida. A canji sefa tun daga Kano. Magana kuwa ba ta da wuya, Hausa ce ke yawo a kasuwa da tasha, har ma a 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana ta a matsayin harshen ƙasa.

Na uku, tuƙi. Alhaji ya so ya ja motarsa da kansa, mu kuma muka roƙe shi ya tafi da babban jikansa mai lasin su riƙa karɓar juna. Yaron ya ce dama ba zai bari tsoho ya gudu masa da mata ba, aka yi dariya, magana ta ƙare. 'Yar uwa ki lura, da dabara ake karɓar makulli a hannun dattijo, ba da ce masa ya tsufa ba.

Na huɗu, lafiya. Su ga likita kafin tafiya. Mai hawan jini ko ciwon suga a ba shi maganin da ya ɗara kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu ba a but ba. Mai allurar insulin a sa masa ita a kula kada zafin mota ya ɓata ta. Duk bayan awa biyu a tsaya su taka ƙasa, saboda dogon zama yana kumbura ƙafa. A zaɓi lokacin sanyi, a guji bazara, domin zafin Afrilu da Mayu a can ba na tsofaffi ba ne.

Na biyar, masauki. A sa ɗan uwa na can ya je ya gani da idonsa. A tabbata ba a sayar da giya, ɗakin a ƙasa yake ba a bene ba, banɗaki ba ya santsi, akwai ruwa da gidan sauro, waya tana shiga, kuma an san asibitin da ya fi kusa. Su tafi da darduma da butarsu. A mazhabarmu ta Malikiyya matafiyin da tafiyarsa ta kai kimanin mil 48 yana yin ƙasaru, in kuwa ya yi niyyar zaman kwana huɗu sai ya cika salla. Su tambayi malaminsu tun a gida.

To sun je, sun dawo lafiya. Sun tsaya a Daura sun ga rijiyar Kusugu. A Damagaram sun zaga unguwar Birni sun ga fadar sarki da manyan duwatsun garin, Alhaji yana ta ba jikansa labarin cewa nan ne hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Hajiya ta sadu da 'yar ƙanwar mahaifiyarta da rabonsu da juna ya fi shekara 30, suka rungume juna suna kuka. Ai shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take.

Amma da na tambaye ta abin da ya fi yi mata daɗi, ba fada ta ce ba, ba kasuwa ba. Cewa ta yi, bayan sallar asuba sai su fito tsakar masaukin su zauna a kan tabarma, ba ƙarar babur, ba mai kiran sunanta, sai kukan zakara da kurciya, a kawo musu shayi da burodi, Alhaji ya zuba mata da hannunsa. "Na manta mutumin nan ya iya ba da dariya," in ji ta.

Yarana fa? Kwana huɗu na kai su wajen yayata a Ƙofar Mazugal, ba abin da ya same su. Tun daga lokacin kuma muka yi tsari, kwana biyu a sati Hajiya ba ta karɓar jikan kowa.

Ba lallai sai Damagaram ba, kowa da ƙarfinsa. Ko Daura ce, ko Zariya, ko ƙauyen da aka haife su, in 'ya'ya suka haɗa kuɗin mai da na masauki an gama. Muna tara kuɗin anko da na gara ba ma jin ciwo, to mu tara na wannan tun suna iya taka ƙasa da ƙafarsu. Ke kuma da ke da uwa ko suruka a raye, ki zauna da ita a wannan watan ki tambaye ta ina take marmarin zuwa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu masu yi mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.