Kayan Salla na Gida Sun Fi na Kanti

A kowace shekara Musulmi suna da Salla biyu. Ƙaramar Salla tana zuwa ran 1 ga watan Shawwal, bayan an kai azumi. Babbar Salla kuwa, watau Sallar Layya, ran 10 ga watan Zulhajji a ke yinta. In Salla ta matso, gari ya kan cika da hidima. Teloli ba su barci, masu kitso da masu lalle ba su hutawa, cikin gidaje kuma ba abin da ke tashi sai ƙarar turmi da ƙamshin suya. Wannan ƙamshi na kayan Salla ne, watau cincin da dubulan da alkaki da nakiya, waɗanda a ke tarbar baƙi da su, a kuma aika wa 'yan'uwa da maƙwabta.

Amma yanzu gidaje da yawa sun bar yin waɗannan abubuwa. Sai maigida ya biya kanti, ya sayo kwalin biskit da ƙunshin alewa, a ajiye wa masu zuwa barka da Salla. Waɗansu suna ganin wannan ci gaba ne, tun da ya ke an huta da wahala. In an duba da kyau, za a ga kayan Salla da aka yi a gida sun fi na kanti, kuma gidan da ya bar yinsu ya yi hasarar abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Kafin a kawo dalilai, ya kamata a san yadda a ke yin kowannensu. Cincin da garin fulawa a ke yinsa. A kan kwaɓa garin da sukari da bota da ƙwai da ɗan madara, a murza, a yanka ƙanana, a soya cikin mai har su yi ja. Dubulan ma da fulawa a ke yinsa, sai dai a kan murza kwaɓin ya yi falan-falan kamar takarda, a yanka, a naɗa shi da gwaninta, a soya, sa'an nan a tsoma cikin dafaffen ruwan sukari. Alkaki kuwa da ɓarzajjiyar alkama a ke yinsa. A kan kwaɓa ta a rufe ta kwana, in ta tashi a mulmula a lanƙwasa, a soya, a tsoma cikin zuma ko ruwan sukari. Nakiya ta shinkafa ce. A kan soya garin shinkafa cikin tukunya, a zuba a turmi, a kirɓa da zuma ko sukari da man shanu da kayan yaji, kamar citta da kanumfari da masoro.

Akwai kuma masu gasa biskit da kek a gida ba tare da na'urar gashi ba. Su kan zuba yashi mai tsabta cikin babbar tukunya, su ɗora bisa wuta har ya yi zafi, su jera gwangwanaye ko faranti a kai, su rufe, sa'an nan su zuba garwashi bisa murfin. Zafi ya zo ta ƙasa, ya zo ta sama, sai abu ya gasu sarai.

Dalili na fari shi ne, waɗannan abubuwa gado ne, kuma kowanne yana ɗauke da labari. Sunan alkaki daga Larabci ya fito, daga kalmar nan ka'ak. Har yau mutanen Masar da na Sudan suna gasa ka'ak in Ƙaramar Salla ta zo, mata su taru su yi ta aiki tare. A Libiya da Tunisiya akwai wani abin zaƙi mai kama da dubulan, ana kiransa dibla. Ba abin mamaki ba ne, gama fatake sun daɗe suna ƙetare hamada da raƙuma tsakanin Tarabulus da Kano. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano cikin 1851, ya tarad da fataken Larabawa zaune cikin birni suna ciniki. Saboda haka yarinyar da ta koyi naɗa alkaki wajen kakarta, ta karɓi sana'ar da ta daɗe tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Irin wannan sani da ido da hannu a ke ɗaukarsa. In aka sami uwa ɗaya da ba ta koya ba, to, daga kanta ya yanke, 'ya'yanta da jikokinta ba su da wajen koyo.

Dalili na biyu, ɗakin girki makaranta ne. Yaron da ya taya uwarsa awo yana yin lissafi ne, ko bai sani ba. Alal misali, in gwangwani 4 na fulawa suna bukatar gwangwani 1 na sukari, to, gwangwani 12 za su bukaci 3. Wanda ya kuskure wannan lissafi, bakinsa ne zai gaya masa. Akwai kuma ilmin kimiyya. Yis da a ke sa wa kwaɓi abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya tasa. Shi ke cin zaƙin da ke cikin kwaɓin, ya fid da iska, iskar nan ita ke kumbura shi. Ɗumi yana sa shi aiki da sauri, sanyi yana rage masa ƙarfi, tafasasshen ruwa kuwa kashe shi ya ke yi. Don haka a ke kwaɓi da ruwa mai ɗumi, a rufe, a ajiye wuri mai ɗumi.

Haka kuma yaro zai gane abin da ya sa cincin ya kan yi makonni bai lalace ba, alhali tuwo ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba su yaɗuwa sai da laima. Suya tana korar ruwa daga cikin cincin, zuma da sukari kuma suna riƙe ɗan ruwan da ya saura cikin alkaki da nakiya. Wannan shi ya sa mutanen da su kan sa nakiya cikin guzuri, a kuma kai ta gidan amarya cikin gara.

Dalili na uku, wanda ya yi abu da hannunsa ya san abin da ya sa a ciki. Uwargida ta san man da ta yi suya da shi, ta ga ƙwan da ta fasa, ta tankaɗe garinta da kanta. In tana da tsoho a gida wanda ba ya son zaƙi, ta rage masa sukari. Biskit na kanti kuwa ba shi da wanda aka yi shi dominsa. Ba a ce duk abin kanti mugu ne ba. Akwai mai kyau, kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, tana duba abincin da a ke sayarwa a Nijeriya. Duk da haka mai saye sai ya karanta ranar lalacewa a jikin kwali, gama ba kowane mai kanti ke kawad da tsohon kaya ba.

Dalili na huɗu shi ne mafi girma, watau zumunci. Aikin kayan Salla ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wata tana murzawa, wata tana yanka, wata tana bakin murhu, kaka tana gefe tana gyara wa kowa. Maƙwabta su kan ari faranti da madambaci da mataci wajen juna, su yi na wannan gida yau, gobe su koma na wancan. Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Ran Salla kuma sai a zuba cikin kwanuka, a aiki yara gida gida. Matar da aka kawo wa kwanon alkaki ta san an yi gumi saboda ita, ba za ta mai da kwanon ba kome ba. Ta haka mutanen da suka yi saɓani su kan shirya, ba tare da an yi doguwar magana ba. Zumunta a ƙafa ta ke, yara kuwa su ne ƙafafun gida a wannan rana.

Wannan al'ada ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Ran 25 ga Disamba Kirista suna bikin Kirsimeti. A Jamus da Amurka iyalai su kan taru su gasa biskit iri iri, su yanka shi da siffar tauraro ko itace. A Nijeriya kuwa cincin a kan soya, kuma a garuruwa da yawa Kirista su kan aika wa maƙwabtansu Musulmi, su ma in Salla ta zo su rama. Kwano da ke kai da kawowa tsakanin gida biyu yana taimakon zaman lafiya, zaman lafiya kuwa ya fi zama ɗan sarki.

To, masu cewa gara a saya a kanti suna da hujjojinsu, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa fulawa da sukari da mai sun yi tsada. Wannan gaskiya ne. Yawancin alkamar da a ke niƙa fulawa da ita a Nijeriya daga ƙasashen waje a ke kawo ta, ko da ya ke ana noma alkama da rani a Kano da Jigawa, musamman bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974. Cikin 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, ba ta janye hanin ba sai 1992. Abin da a ke kawowa daga nesa kullum farashinsa yana hannun wani. Amma nakiya ba ta bukatar fulawa, shinkafar gida ta ishe ta. Alkaki ma da alkamar gida a ke yinsa. Wanda ba shi da sukarin kanti yana iya sa zuma ko mazarƙwaila, wadda a ke dafawa daga ruwan rake a ƙasar Zazzau. Kuma ba dole ba ne a cika kwalla. Mudu ɗaya da aka yi da kuɗin hannu ya fi buhu da aka ci bashi dominsa. Gidan da ba shi da hali, babu abin kunya gare shi, gama haƙƙin maƙwabta ne su tuna da shi.

Suna kuma cewa aikin yana da wahala, kuma duk a kan mata ya ke. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Uwar da ta yi wata guda tana dafa abincin buɗa baki da na sahur ta gaji. Sai dai maganin wannan shi ne a raba aikin. Yara maza suna iya kai niƙa, su ɗebo ruwa, su faskara itace, su yanka cincin, su wanke kwanuka. Yaron da ya ce aikin mata ne, sa'an nan ya fi kowa cika aljihu in an sauke, bai yi adalci ba.

Hujja ta uku ita ce haɗarin wuta, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100, man suya kuwa ya kan kai digiri 180. In ɗigon ruwa ya faɗa cikinsa, nan take ya zama tururi, ya watso mai ko'ina. Saboda haka suya aikin manya ne. Ƙananan yara su tsaya nesa da murhu, kada a goya jariri a tsaya bakin kasko. In mai ya kama wuta, kada a kuskura a zuba masa ruwa. A rufe shi da murfi, a janye itace ko a kashe risho. Wanda ya ƙone kuma, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, sa'an nan a kai shi asibiti. Kada a shafa masa man goge baki ko ƙwai.

Akwai kuma maganar zaƙi. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da mutum ke sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ya ke samu daga abinci, watau wajen ƙaramin cokali 12 a yini ga babban mutum. Na yaro bai kai haka ba. Sukarin da ya maƙale a haƙori, ƙwayoyin cuta ke mai da shi tsami, tsamin ya cinye haƙorin. Wannan gargaɗi ya hau kan na gida da na kanti duka. Yaro mai hankali ya kan ci kaɗan bayan ya ci abinci, ya yi asuwaki, ya ajiye saura don gobe, ya kuma tuna da ƙanensa.

Saboda haka in Salla ta matso, yaron kirki ba ya jira sai an kira shi. Zai wanke hannunsa da sabulu, ya je wajen uwarsa ya ce, "Inna, wane aiki zan kama?" Zai zuba ido ya ga yadda a ke awo da kwaɓi, ya tambayi kakarsa abin da bai gane ba, ya rubuta cikin littafinsa don kada ya manta. In aka aike shi da kwano, ya kai shi a rufe kamar yadda aka ba shi, ya durƙusa ya gai da mutanen gida. Da haka sana'ar za ta zauna cikin gida, har shi ma wata rana ya ga 'ya'yansa suna yi. Allah ya maimaita mana Salla cikin lafiya da wadata.