Amana A Cikin Binciken Ilmi

A zamanin nan jami'o'i da yawa na duniya sun ɗauki wata dabara: kafin ɗalibi ya fara bincikensa na neman digiri, sai ya zauna gaban kwamfuta ya bi darussa ta intanet a kan riƙon amana a cikin ilmi, sa'an nan ya ci jarrabawa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shirye-shirye, mai suna CITI, an kafa shi a Jami'ar Miami ta Amurka tun 2000. Mun ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu a kan wannan al'amari.

Laifuffukan da a ke gargaɗi a kansu manya uku ne. Na fari, mutum ya ƙago sakamakon da bai samu ba. Na biyu, ya murɗa abin da ya samu don ya dace da son zuciyarsa. Na uku, ya kwashe aikin wani ya ce nasa ne. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ko rajistar makaranta ya san irin wannan, gama lamba ɗaya ta ƙarya ta kan ɓata lissafin shekara guda.

Kada wani ya ce wannan sha'anin masana ne kaɗai. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a mujallar likitoci The Lancet a kan yara 12, ya jefa zargi cewa allurar rigakafin ƙyanda tana jawo wa yara wata lalura ta ƙwaƙwalwa. Iyaye suka tsorata. Yaran da a ke yi wa allurar suka ragu daga kamar 92 bisa 100 zuwa kamar 80, ƙyanda kuwa ta sake samun gindin zama a ƙasar. Sai a 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma fa kafin a kai ƙarshensa an yi shekara 12 ana ɓarna.

To, darasin intanet yana da amfani, ba mu musu. Yana isa ga ɗalibi dubu a lokaci guda, na birni da na ƙauye, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ba wanda zai ce ba a gaya masa ba. Amma akwai inda ya gaza. Ɗalibi yana iya danna amsoshi ya karɓi takardar shaida ba tare da kome ya shiga zuciyarsa ba. Don haka ne hukumar binciken lafiya ta Amurka, watau NIH, ta ƙa'ida a 2009 cewa darasin intanet shi kaɗai bai isa ba ga waɗanda ta ke horarwa, sai an haɗa da tattaunawa ido da ido, aƙalla sa'a takwas.

Wannan shi ne ra'ayinmu. Kwamfuta tana iya sanar da doka, amma hali a wurin malami a kan ɗauke shi. In ɗalibi ya ga malaminsa yana sa sunansa a kan aikin da bai yi ba, wane darasi ne zai gyara shi?

Saboda haka muna roƙon jami'o'inmu su wajabta waɗannan darussa tun shekarar fari, su kuma sa kowane malami ya zauna da ɗalibansa ya duba ainihin takardun da suka rubuta sakamakonsu. Ku kuma malaman makarantu, aikin daga hannunku ya ke farawa. Yaron da ya ce "ban sani ba" ku yaba masa fiye da wanda ya kwafi amsar maƙwabcinsa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.