PS5 ta kai albashin shekara: wa zai ba yaron Fakku labari a gem?

A watan Agustan 2025 kamfanin Sony ya ƙara dala 50 a kan farashin PlayStation 5 a Amurka, ta koma dala 549.99. Wata biyu kafin nan Nintendo ta fito da Switch 2 a kan dala 449.99, wasan Mario Kart World shi kaɗai kuma dala 79.99. To ɗauko wayarka mu yi lissafi. Idan dala tana naira 1,500, PS5 ta tashi a kusan naira 825,000, ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Wato sai ma'aikaci ya yi kusan shekara bai ci ba bai sha ba kafin ya ɗauki na'urar.

Na san abin da za ka ce: ana fama da tsadar gero da taki, wa ke ta gem? Gaskiyarka. Amma ka tuna, gem ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake ba 'yan zamaninmu labari, kamar yadda fim ya zame wa yayyenmu, tatsuniya ta zame wa kakanninmu. Duk wanda tsada ta kora daga wurin, an kore shi daga hirar ke nan.

Leƙa gidan gem a Sakkwato ko Tambuwal, me za ka tarar? Ƙwallo, sai dambe, sai tseren mota. Kada ka zargi mai gidan. Kuɗinsa a kan kowane wasa yake, minti goma a tashi wani ya zauna. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024, kuma janareta ba ya jin magiya. A Oktoban 2024 ma jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Wanda ke ƙona fetur haka ba zai bar yaro ɗaya ya riƙe na'ura awa uku yana karanta hirar jarumai ba. Shi ya sa akwai wani nau'in wasa sukutum da bai taɓa samun kujera a gidajen gem ɗinmu ba: wasan labari, wanda ake kira RPG, inda kake shiga rigar jarumi ka bi labarinsa na tsawon awa talatin ko arba'in.

Bari in ba ka misali ɗaya. A Afrilun 1994 kamfanin Square na Japan ya fitar da Final Fantasy VI a kan na'urar Super Famicom, wadda aka sani da Super Nintendo a wajen Japan. An gina shi a salon da ake kira sitimfank, wato duniyar da injin tururi, kwal, jirgin ƙasa da bututun ƙarfe ke mulki, kamar an tsayar da agogo a ƙarni na 19 sannan aka bar masu ƙira suka yi ta wuce gona da iri. Japanawa na son salon nan: akwai Sakura Wars na Sega a 1996, da Steambot Chronicles na Irem a 2005. Amma Final Fantasy VI ne ya fi shiga rai.

Labarin ya buɗe ne a Narshe, garin masu haƙar ma'adinai cikin dusar ƙanƙara. Daular Gestahl tana kama wasu halittu masu baiwa, Esper, tana tatse ƙarfinsu a masana'anta don ta kunna injinan yaƙinta. Jarumar farko, Terra, yarinya ce da daular ta sa wa wani kambu a kai wanda ya ƙwace mata tunani, ta mayar da ita makami. Akwai janar Kefka, wanda ya zuba guba a ruwan shan masarautar Doma don ya gaji da jiran su miƙa wuya. Wanda bai buga ba ya yi haƙuri zan ɓata masa: a tsakiyar wasan mugun ne ke yin nasara, duniya ta tarwatse, sai ka koma kana bin jarumanka, su 14 ne duka, ɗaya bayan ɗaya kana roƙonsu su sake tashi. Tambayar da wasan ke maka daga farko har ƙarshe ita ce: wannan ci gaban da ake taƙama da shi, jinin wa ake tatsa a kunna shi?

Yanzu faɗa min, wannan tambayar baƙuwa ce a wurinmu? Mu ma mun yi zamanin tururi, kuma namu ba ƙage ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya tsaya nan. Har yau bai shiga Sakkwato ba, balle Tambuwal ko Kebbe. Turawan mulki sun shimfiɗa dogo ne zuwa inda gyaɗa, auduga da fata za su fita teku cikin sauƙi. Kwal ɗin da ke kunna jiragen daga Inugu ake haƙo shi, kuma a ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley saboda yajin aiki. Ka matso kusa: a 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara aƙalla 400 a maƙwabciyarmu Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Narshe da Doma na nan a bayan gidanmu. Bajafane ya ƙirƙiri nasa ya sayar wa duniya, mu da muka rayu da namu ba mu ko fara rubuta shi a gem ba.

Akwai wata matsalar da ta fi farashi. Masana'antar tana ƙaura zuwa intanet: a sauke wasa mai nauyin gigabait da yawa, a yi rajista, a zauna a kan layi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kuma ba mu manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wasan da ba ya tashi sai da sabis, a irin wannan rana ya zama kwalliya. Ko a ƙasashen da sabis ba ya yankewa an ga misali: a ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ta rufe The Crew, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba su da komai. Kaset ɗin 1994 kuwa bai san intanet ba, ka ba shi wuta kawai ya tashi.

Iyayenmu za su ce gem ɓata lokaci ne, kuma suna da hujja. Yaron da ya bar makaranta ko gona ya kwana a gidan gem, ko ya mayar da wasan ƙwallo caca, ya cuci kansa. Sai dai maganin mugun abinci ba yunwa ba ne. Wasan labari karatu ne da hoto: kana karanta Turanci, kana lissafin kuɗi da kaya, kana yanke shawara kana ganin sakamakonta. Matsalarsa a wurinmu ita ce harshe. An sake fitar da Final Fantasy VI a wayoyin Android da iPhone a Fabrairun 2022 cikin harsuna da dama, babu Hausa a ciki, kuma kuɗinsa kusan dala 18 ne, wato wajen naira 27,000.

To mafita? Kada mu jira PS5 ta yi arha, ba za ta yi ba. Na'urar wasanmu tana aljihunmu, ita ce wayar Android. Kuma wasu sun riga sun nuna hanya. A Afrilun 2016 kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde, Kamaru, ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wasan labari da aka gina a kan al'adun Afirka, a ƙasar da ita ma ta san ɗauke wuta. A Legas akwai Maliyo Games da ke yin wasannin waya tun 2012. Manhajar Godot ta haɗa gem kyauta ce, kuma ƙaramar kwamfuta na iya ɗaukarta. Wasa irin na 1994 ba ya buƙatar hoto mai tsada, labari yake buƙata, zane da kiɗa.

Labari kuwa shi ne abin da ba mu rasa ba. Ke da kike rubuta littafi a WhatsApp da Wattpad dubbai na bibiya, kai da kake zanen tallan biki a waya, kai da ke karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da kai mai haɗa kiɗa a ɗaki: ku huɗun nan kun isa kamfani. Ku fara da ƙarami, wasan awa ɗaya, da Hausa, wanda ba ya neman data bayan an sauke shi, wanda za a iya tura wa aboki ta Xender a kasuwar ƙauye. Ku ɗauki tashar Ƙaura Namoda ta 1929, ku sa wata yarinya maƙeriya daga Fakku da ta rantse sai ta ja dogon ya iso garinsu, ku ga ko ba za a buga ba.

Masu shirya gasar matasa a jiha da ƙananan hukumomi su ma su ji: kofin ƙwallo na da kyau, amma a ware wani abu don gasar haɗa gem da Hausa. Idan muka ci gaba da zama 'yan kallo, ranar da wani zai yi wasa a kan dajinmu da zinarenmu, a matsayin 'yan bindigar da ake harbi zai sa mu.

Ku faɗa min a ƙasa: wane labarin garinku ne ya cancanci zama gem?